Tsohuwar Samsung ko sabuwar Tecno?

A unguwar Talaje, kan hanyar filin jirgin Yamai, wannan gardama ba ta ƙarewa a rumfunan masu gyaran salula. Ma'aikaci na son Galaxy S10 ta hannu, don kyan hoto da fita kunya cikin biro. Ɗan kasuwa kuwa batir yake dubawa. Na S10, wadda ta fito a 2019, 3400 mAh ne, kuma ya tsufa. Na sabuwar Tecno Spark ya kai 5000. In wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu, wayar da ta mutu ta tsai da ciniki. Sannan tun 2023 Samsung ta daina aiko wa S10 gyaran tsaro, alhali kuɗinku na cikinta.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da salula.