Tsakuwa Nawa Akwatin Kifi Yake Bukata?

A makarantun da suke ajiye akwatin gilashi na kiwon kifi domin darasin nazarin halittu, sau da yawa akan zuba tsakuwa a gindinsa bisa kintace kawai. Alhali kuwa tsakuwar ba ado kaɗai ba ce. A jikinta ne ƙwayoyin bakteriya suke zama, waɗanda ke sarrafa gubar amoniya da kifi yake fitarwa. Idan ta yi kaɗan, saiwar tsirrai ba ta samun makama. Idan kuma ta yi yawa, musamman rairayi mai laushi, iskar oksijin ba ta ratsawa can ƙasa, sai ragowar abinci ta ruɓe, ta haifar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke cutar da kifi.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba. A auna tsawon gindin akwatin da faɗinsa da santimita, a ninka su da kaurin da ake so tsakuwar ta yi, sannan a raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne lita. Kaurin santimita 5 ya wadatar galibi.

Ga misali, akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30: 60 × 30 × 5 = 9,000, wato lita 9. Da yake lita ɗaya ta busasshiyar tsakuwa takan kai wajen kilo ɗaya da rabi, ana bukatar kimanin kilo 14. In an fi son tsakuwar ta gangaro, 8 a baya, 4 a gaba, sai a yi aiki da tsaka-tsakinsu, wato 6.

A lura, ba a ambaci tsayin akwatin ba ko kaɗan, kuma nan ne akan yi kuskure. Akwati mai 60 × 30 × 30 da wani dogo mai gindin 30 × 30 da tsayi 60, kowannensu lita 54 yake ci, amma rabin tsakuwar na farko ta ishi na biyu. Saboda haka ƙa'idar da wasu ke bi ta kilo kaza ga kowace lita ba abin dogaro ba ce.

Tsakuwar kuma tana cin wurin ruwa. Lita 9 takan rage ruwa lita 5 zuwa 6 ne kawai, domin ruwa yana shiga tsakanin ƙwayoyinta. Wajibi ne a cire wannan kafin a auna wa kifi magani, don kada ya zarce ƙima.