Katikis, Na'ibin da ke Riƙe da Majami'ar Ƙauye

Duk wanda ya san Nima da Mamobi, unguwannin nan biyu maƙwabtan juna a birnin Ankara ta ƙasar Gana, ya san cewa zangon Musulmi ne tun asali, domin ga Malam Amadu Futa ake jingina kafuwar Nima a farkon shekarun 1930, kuma har yau da Hausa ake ciniki a kasuwarta. Amma duk da yawan masallatai da makarantun allo, akwai majami'u a cikin lunguna, daga cikinsu har da ta Katolika mai sunan Waliyyi Kizito. Da yawa daga Kiristocin zango mutanen arewa ne, Farafara da Dagati da Kasena da Bulsa, waɗanda neman halali ya kawo su bakin teku. In ka tambayi dattijo a cikinsu wa ya fara koya masa addini da karatu, da wuya ya ambaci wani fada ko bishop, sai dai ya ce katikis na ƙauyensu.

Shi katikis ba a naɗa shi limamin coci ba. Magidanci ne mai iyali da gona, wanda aka ba shi tarbiyya gwargwadon hali, aka ɗora masa amanar jama'ar ƙauye, sabili da fada guda yakan riƙi ƙauyuka masu yawa, ba ya iya leƙa kowanne sai bayan makonni. A ƙa'idar Katolika ba shi da izinin yin hadayar Mas, ba ya kuma sauraren masu ikirarin zunubi. Abin da ya rage kuwa, wato koyar da masu shirin baftisma, da jan sujada ran Lahadi, da duba marasa lafiya, da yi wa mamaci addu'a a bakin kabari, duk a wuyansa yake. Matsayinsa ke nan kamar na na'ibin liman, wanda ke tsayawa gaban sahu kullum alhali sunan limanci na wani ne.

Asalin wannan aiki a Gana daɗaɗɗe ne, domin tun 1848 'yan mishan na Basel suka buɗe makaranta a Akropong don horar da malamai masu haɗa koyarwa da wa'azi. A arewa kuwa, 'yan mishan na Katolika da ake kira Fararen Fada sun iso Navrongo daga wajen Wagadugu a 1906, sa'an nan a 1929 Fada Remigius McCoy da abokan aikinsa suka sauka a Jirapa cikin ƙasar Dagati. A 1932 aka yi matsanancin fari, mutane suka zo neman addu'a, da ruwa ya sauka sai dubbai suka yi ta kwararowa suna son shiga addinin. To, ta yaya Turawa 'yan ƙalilan, waɗanda harshen ƙasar bai gama zama a bakinsu ba, za su karantar da wannan taro? Ala tilas suka zaɓi masu hazaƙa daga cikin sababbin tuba suka rarraba su ƙauyuka. Daga zuriyar wannan zamani Peter Porekuu Dery ya fito, wanda ya zama fada a 1951, bishop na Wa a 1960, kana kadinal a 2006.

Mai son sanin haƙiƙanin hidimar, sai ya dubi safiyar Lahadi a ƙauye. Tun kafin rana ta yi zafi katikis zai ɗauki guntun ƙarfe ya bugi tsohon gargaren mota da aka rataye a reshen bishiya, wanda shi ne ƙararrawarsu. Jama'a su hallara a ɗakin laka mai rufin kwano, ko a inuwar ɗorawa in ɗakin ya gaza. Ya kwance littafinsa daga ledar da ke kare shi daga gara da ruwan sama, ya karanta aya, ya fassara ta da harshen gida, ya yi nasiha a kan shan burkutu fiye da kima, ko a kan haƙƙin marayu. Bayan an watse, ba hutu gare shi ba, domin ga miji da mata suna jiransa ya sulhunta su, ga tsohuwa tana so ya karanta mata takardar asibiti, ga kuma kekensa a jingine, wanda zai taka zuwa wata ruga inda aka ce wani yana kan gargara. Kashegari da asuba yana gona da fartanya kamar kowa, saboda ɗan abin da ake ba shi daga baikon jama'a bai isa cefanen wata ba.

Ƙasar Hausa ma ta san irin wannan bawan Allah, sai dai can mai bishara ake ce masa. Bayan da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi ɗawainiya mai yawa wajen fassara shi, masu bishara ne suka zauna da iyalansu a ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, da kewayen Tsibiri kusa da Maraɗi, suna noma da damina, suna koyar da abacada da rani.

Da samarin arewacin Gana suka yi ƙaura zuwa kudu, aikin ya biyo su zango, ya sauya tufafi. A nan babu gona, sai gadi da dako da ƙananan sana'o'i, amma lalurar ba ta sauya ba: a tara 'yan gari guda su yi addu'a da harshensu, a nema wa baƙo makwanci, a haɗa gudummawa in an yi rasuwa don a sadar da labari, wani lokaci har da gawa, zuwa gida. Tun da yake a gidan haya guda Musulmi da Kirista suke tarayya a famfo da tsakar gida, ladabin da katikis ke koya wa mutanensa game da maƙwabci yana cikin abubuwan da ke riƙe da zaman lafiyar unguwa.

A 2021 Fafaroma Francis ya mayar da aikin katikis muƙami tabbatacce a cikin ikilisiya, bayan ƙarnoni ana cin moriyarsa. Wannan girmamawa ta yi kyau, amma yabo ba ya biyan kuɗin makarantar yara, ba ya kuma sayen magani ranar tsufa. Wajibi ne shugabannin majami'u, da 'yan ƙauyen da Allah ya buɗa musu a birni, su yanka wa waɗannan mutane albashi na mutunci, su kuma tanadar musu abin dogaro in ƙarfi ya ƙare, domin wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hidimar jama'a bai cancanci ya tsufa yana roƙo ba.