Baƙar funfuna a bangon ɗaki: me ya sa take dawowa bayan an goge?



Ni a Potiskum na tashi. Mahaifina fataucin shanu yake yi. Ranar Laraba a sayi dabbobi a Kasuwar Shanu, a loda tirela, ni kuma in bi kaya har Oko-Oba a Agege. Da zirga-zirgar ta yi yawa sai muka kama ɗakin haya ni da yayana. Bara da damina muka kulle ɗakin muka tafi gida sati uku. Da na dawo na buɗe ƙofa, wari ne ya fara tarbata. Bangon bayan katifa ya yi baƙi ɗigo-ɗigo har kusan gwiwa, takalmina na fata ya yi fari-fari, shaddar sallata da ke cikin jaka ta yi tabon da har yau bai fita ba.

Wannan ita ce funfuna, wasu su ce hunhuna, 'yar uwar wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Abu ne mai rai, ƙwayoyinta suna yawo cikin iska ko'ina, har a Potiskum ɗin. Danshi kawai take jira. A wajenmu damina wata huɗu ce, sauran shekara iska a bushe take. Legas kuwa tana samun ruwan sama fiye da ninki biyu na namu, Fatakwal ta ma fi haka, kuma ko ba a ruwa iskar a jiƙe take. Duk abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu, to ta samu masauki.

Kuma mu da kanmu muke yi mata shimfiɗa. Mun saba rufe taga ruf saboda ƙurar hunturu, sai muka zo da ɗabi'ar nan inda ƙurar ba ta kai ta gida ba. Katifa a ƙasa kan siminti. Buhuna da jakunkuna a jingine da bango. Shanya a cikin ɗaki saboda ruwa ya hana a yi a waje, ga girki a ɗakin, ga darduma an naɗe ta da lemar alwala. A gida duk wannan ba ya komai. A nan kuwa kiwonta kake yi.

Kada a ɗauka ƙazantar bango ce kawai. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa zama a gida mai danshi da funfuna yana da alaƙa da tari, cutukan numfashi da tashin asma. Idan yaronka kullum cikin mura da tarin dare yake, amma da kun je Arewa hutu sai ya warware, a kai shi asibiti, sannan a janye katifarsa a duba bayanta.

To, ya ake yi? Kuskurena na farko shi ne fenti. Na sayo na shafe bangon, ya yi kyau, wata ɗaya ta ɓullo ta cikin fentin. Fara neman inda ruwan yake shigowa tukuna. In tabon daga silin yake, kwano ke yoyo. In bangon da ya haɗu da banɗaki ne, a duba famfo. In kuwa daga ƙasa yake hawowa, fenti na ɓarewa, ruwan ƙasa ne bango ke sha, wannan aikin birkila ne da mai gida, ba na burushi ba. Ɗauki hoto da waya ka nuna masa tun kafin ranar tashi ya ce kai ka ɓata masa bango.

Wajen wankewa, fitar da yara da mai asma, buɗe ƙofa da taga, sa takunkumi da safar hannu. Kada ka kankare ta a bushe, ƙurarta za ka shaƙa. Wanke da ruwan omo da burushi, sannan ka bi da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, kofi ɗaya cikin ruwa lita huɗu. Bar shi kamar minti goma, goge, kunna fanka har wurin ya bushe ƙarau. Don Allah kada a haɗa bilic da Harpic ko wani maganin wanke masai wai don ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana tayar da iska mai guba, a ƙaramin banɗaki tana iya kayar da mutum.

Bilic a kan siminti da tayil yake aiki. Katifar soso, kafet, kwali da silin da ta ci har ciki, haƙuri za a yi a fitar da su. Na san da ciwo, nawa ake sayar da katifa yanzu? Tufafi dai a wanke a shanya a rana sosai.

Bayan nan sai sauya zama. Mu yanzu katifarmu a kan katako take, jakunkuna mun ba su tazarar tafin hannu daga bango, taga a buɗe duk ranar da aka samu rana. In za mu yi tafiya, muna jingine katifar a tsaye, mu bar makulli wajen maƙwabci ya riƙa buɗe ɗakin.

Sai tsarabar gida. Masara da gyaɗa in suka yi funfuna suna iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wadda ta ɓaci a zubar, kada a ba dabba ma. Sauran a zuba a roba mai murfi.

Mai neman ɗaki kuma, in da hali ya je dubawa a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ya kankama. In dole sai da rani, ya shinshina ɗakin, ya dafa ƙasan bango da hannu, in ya ga sabon fenti a kusurwa ɗaya kaɗai ya tambayi masu haya a gidan me ke ƙarƙashinsa.