Shanun Damagaram: Ribar da Ke Ƙetare Iyaka

A karar shanu ta Kundumawa, kan hanyar Damagaram zuwa Maraɗi, ido da hannu ne sikeli. Dillali ya dafa tozon sa, ya matsa bayan haƙarƙari, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan ya yi tayi. Mai sa ya ce albarka. A ƙara, a sake ƙarawa, har ya sallama. Kafin magariba an loda san a mota an nufi kudu, sai kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ko ta Mai'aduwa, daga can kuma Kano ko Legas.

Wannan hanya ta girmi kwalta. Tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, Damagaram mahaɗar fatake ce tsakanin Agadas, Barno da Kano. Yau ma dabba ce babbar hajar yankin: jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho da na Azawak suna gangarowa daga makiyayar Tanut da Gure. Abin takaicin shi ne da yawansu a rame suke fita, musamman a bazara. Wanda ya raini sa shekara huɗu a daji yakan sayar da ƙashi da fata, wani kuma can gaba ya ɗora masa nama cikin 'yan watanni ya kwashe ribar.

Nan ne kiwon turke yake da muhimmanci, kuma matan Mirya da Matamai da Magarya ba baƙinsa ba ne. Ana sayen ramammen sa mai lafiya a lokacin da shanu suka yi araha, a ba shi maganin tsutsa, a yi masa rigakafin ciwon huhu, a ɗaure shi a inuwa. Abincinsa harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, karan dawa da aka daddatsa, anguriya ko tunkuza, 'ya'yan gawo, da ɗan kanwa a ruwan sha. Cikin wata uku zuwa huɗu ya murje. Abin da ke mayar da wannan al'ada sana'ar zamani bai taka kara ya karya ba: a tara harawa tun kaka kafin ta yi tsada, a rubuta kowace jikka da aka kashe, a riƙa auna dabbar. Kusan rabin nauyin sa ne ke zama nama a hannun mahauci, don haka wanda bai san nauyin sansa ba, bai san abin da yake sayarwa ba.

Gwamnatin Nijar ta taɓa sa hannu a harkar kiwo. Bayan farin 1973 da ya halaka garkuna, an kafa cibiyoyin hayayyafar dabbobi, ciki har da ta Bate a yankin Tanut. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi 'yancin tafiya da dabbobinsa, abin da mai turke ma yake ci da shi, tunda daga garken daji yake samun sa.

Sai dai duk wannan ciniki ya rataya ne a kan iyaka. Da naira ta faɗi a 2016, 'yan kasuwar Nijeriya suka rage saye, farashi ya karye. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi a 2019 da takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023 sun maimaita wannan ciwo. San da ya gama ƙiba ba ya jiran a buɗe iyaka, kullum sai ya ci, kuma daga aljihun mai shi.

Shi ya sa maganar mayanka mai ɗakin sanyi da wutar da ba ta yankewa take da nauyi a Damagaram. Naman da aka yanka aka sanyaya yana iya zuwa Yamai ko Agadas, ragowar ta shiga hannun masu kilishi, fatar kuma ta tafi wajen majeman garin da dukawan da ke ɗinka jaka da takalmi.