Zaman Ɗalibta Na Malam Aminu Kano A Birnin Landan

Duk mutumin Arewa da ke zaune a Zangon Agege, ko Idi Araba, ko Obalende, ya san abin da ake kira baƙunta. Ya san yadda ake kwana da kewar tuwon gida, ya kuma san yadda ake koyon harshen mutane ta hanyar ciniki da gaisuwa. Yanzu kuma da yawa daga cikin waɗannan baƙi sun haifi 'ya'ya a nan Ikko, har waɗansu suna shawarar tura su karatu Masar, ko Indiya, ko Ingila. Tambayar da ke damun iyaye ita ce, shin yaro zai komo da ilmi ne, ko kuwa zai komo ya zama baƙo a gidan ubansa? To, ga labarin wani ɗalibi da ya yi irin wannan tafiya tun kafin a sami mulkin kai.

A cikin watan Satumba na 1946 Gwamnati ta ba waɗansu malaman makaranta na Arewa gurbin ƙaro ilmi a Jami'ar Landan, a sashen da ake koyar da aikin malanta. Cikinsu akwai wani malamin Makarantar Midil ta Bauchi, ɗan shekara 26, haifaffen unguwar Sudawa a birnin Kano, watau Malam Aminu ɗan Malam Yusufu. Shekara guda kafin nan abokin aikinsa na Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya riga ya je wannan makaranta. A wancan zamani mai zuwa Ingila daga Arewa hanyarsa ta Ikko ce. Jirgin ƙasa zai ratsa da shi ta tashar Agege ya sauke shi a Iddo, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa, ya yi wajen mako biyu a kan teku kafin ya ga ƙasar Sarki.

Gari Bayan Yaƙi

Landan ɗin da suka tarar ta sha bamban da wadda ake nuna wa yara a littattafan makaranta. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, unguwanni da yawa kuwa kango ne saboda ruwan bamabaman Jamus. Babban cocin St Paul yana tsaye, amma kewaye da shi duk ɓaraguzai. Zauren Majalisar Wakilai ma bam ya rushe shi tun watan Mayu na 1941, don haka wakilai suna aron zauren Majalisar Dattawa, ba su koma nasu ba sai a 1950.

Abinci kuwa da kati ake sayensa. Nama, da sukari, da shayi, da man shanu, kowa da iyakar abin da za a sayar masa, ko da kuɗinsa sun kai nawa. Tufafi ma haka. Burodi, wanda ko a tsakiyar yaƙi ba a ƙayyade shi ba, sai ga shi an sa shi cikin kati daga watan Yuli na 1946 har zuwa 1948. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin wahala, domin a cikin ɗan naman da ake rabawa har da na alade, wanda ba shi da halin ci. Dankalin Turawa da kabeji su ne cimar yau da kullum, babu yaji, babu daddawa. Abin mamaki shi ne, a daidai wannan lokaci da Ingila ke neman man girki ido rufe, buhunan gyaɗa suna nan jibge a Kano an yi dala da su, suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Apapa. Watau gumin manomin Kano yana cikin abin da ake shafa wa burodi a Landan.

Samun ɗaki ma aiki ne. Masu gidajen haya da yawa da zarar sun ga baƙar fata sai su ce an riga an kama. Wanda ya dace ya samu, zai tarar da murhun gas mai mita a ɗakin, sai an jefa masa kuɗi yake kamawa, in kuɗin suka ƙare wuta ta mutu.

Sanyin 1947

Ɗaliban ba su yi wata biyar ba sai aka shiga wani sanyi wanda har yau Turawa ba su manta da shi ba. Daga ƙarshen Janairu na 1947 har tsakiyar Maris dusar ƙanƙara ta yi ta zuba, ta toshe hanyoyin jirgin ƙasa, kwal ya kasa isa gidajen wutar lantarki. A watan Fabrairu Gwamnati ta ba da umurni a riƙa ɗauke wutar gidaje awa biyar kowace rana. Masana'antu suka rufe, kusan mutum miliyan biyu suka zauna ba aiki na ɗan lokaci. Mutumin da bai san wani sanyi ba sai hunturun Kano, wanda hantsi ke korewa, sai ga shi yana alwala da ruwan da ya kwana yana neman daskarewa.

Lokutan salla su ma sai da lura. A watan Disamba rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba, Azahar da La'asar da Magariba duk su taru cikin 'yan awoyi, ɗalibi kuwa yana aji. Azumin 1947 ya zo a Yuli da Agusta, lokacin da rana kan yi kusan awa 16 ba ta faɗi ba. Masallatai kuma 'yan kaɗan ne. Akwai wani ƙarami a gabashin birni, akwai kuma tsohon masallacin garin Woking da aka gina a 1889, wanda sai an shiga jirgin ƙasa. Babban masallacin Regent's Park da alhazai ke gani yanzu sai a 1977 aka gama shi.

Gani Ya Kori Ji

Makarantar tana unguwar Bloomsbury, dab da babban gidan tarihi na Ingila, inda aka ajiye kayan tagullar da sojan Turawa suka kwaso daga Bini a 1897. Shugabar sashen ɗaliban ƙasashen da Ingila ke mulka ita ce Margaret Read. Akwai kuma shehun malami Karl Mannheim, wanda ya gudo daga mulkin Hitler, ya kuwa rasu a Janairun 1947 ɗin nan.

Amma babban darasin yana waje. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara tun 1863, zai kai ɗalibi duk inda yake so da 'yan kwabbai. Ranar Lahadi in ya je kusurwar masu jawabi a filin Hyde Park, zai ga mutum ya hau akwati yana caccakar Gwamnati, ɗan sanda na tsaye yana kallo, ba wanda ya taɓa shi. In ya duba titi zai ga Bature yana shara, Bature yana dako, Bature yana tuƙa bas. A gida kuwa Bature Razdan ne ko Di'o, wanda in ya doso sai a tuɓe takalmi a faɗi ana zaki, zaki.

Gwamnatin da ke ci lokacin ta Jam'iyyar Leba ce, wadda ta kayar da Churchill a zaɓen 1945, Clement Attlee ya zama Firayim Minista. Ministan Harkokin Waje, Ernest Bevin, ya bar makaranta yana ɗan shekara 11, ya yi ƙwadago a gona, ya kuma yi tuƙin keken doki. Ministan Lafiya, Aneurin Bevan, mahaƙin kwal ne daga ƙasar Wales. Ranar 1 ga Janairu 1947 ma'adinan kwal suka koma hannun Gwamnati. Malam Aminu ya kusanci 'yan wannan jam'iyya masu ra'ayin talakawa, yana zuwa tarurrukansu, yana karanta littattafansu. Ɗan talaka yana minista, wannan abu ne da ba a ko mafarkinsa a ƙarƙashin mulkin En'e.

Birnin kuma cike yake da 'yan Afirka masu neman 'yanci. Ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda Ladipo Solanke ya kafa a 1925, tana da masauki inda ake haɗuwa a ci abincin gida a yi muhawara. Kwame Nkrumah yana Landan har kusan ƙarshen 1947. A cikin shekarar ne kuma ayarin Jam'iyyar NCNC ya iso don ƙorafi a kan tsarin mulkin Gwamna Richards, da Dokta Azikiwe, da Funmilayo Ransome-Kuti, da Bukar Dipcharima daga Borno.

Wales, Fada Da Faransa

Alan Feinstein, wanda ya rubuta tarihin Malam Aminu aka buga a 1973, ya kawo yadda ya yi zamansa. Cikin aikin makaranta an tura shi koyarwa a makarantun firamare na Turawa. A lokacin kowane yaro ana ba shi madara kyauta kullum, a watan Afrilu na 1947 kuma aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 15. Duk faɗin Jihar Arewa kuwa makarantar sakandare ta Gwamnati guda ɗaya ce, Kwalejin Kaduna, inda shi kansa ya yi karatu. Ya kuma yi 'yan makonni a ƙauyukan Wales tare da ƙungiyar samarin manoma. Da yake kuɗin da ake ba ɗalibai ba sa isa, sai ya riƙa taɓa aikin fassara a gidan rediyon BBC, shekaru kafin a buɗe Sashen Hausa a 1957.

Da yake shi ɗan sikawut ne tun a gida, ya sami shiga ayarin da za su je gangamin 'yan sikawut na duniya a Faransa. Kafin su tashi aka kai su Fadar Bakingham, inda ya ga Sarki George na Shida da Sarauniya sun shiga cikin yara suna hira da su. Wannan ya tsaya masa a rai ƙwarai, domin ga mai ƙasar da kansa ba a faɗuwa a gabansa, alhali ƙaramin ma'aikacinsa a Bauchi sai an durƙusa masa.

An buɗe gangamin a Moisson, bakin kogin Seine, ranar 9 ga Agusta 1947, ranar da Malam Aminu ya cika shekara 27. Samari fiye da 24,000 suka taru daga ƙasashe da yawa, shi ne kuwa na farko bayan yaƙi. Ana cikin taron ne Pakistan da Indiya suka sami mulkin kansu, ranar 14 da 15 ga watan.

Tsarabar Da Ya Kawo

Tun yana can aka fara shawarar kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1948. Da ya komo bai daɗe a Bauchi ba aka mayar da shi makarantar horon malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin Gwamnati ya shiga NEPU, ya zama shugabanta a 1953. Daga baya shi ma ya yi zaman Ikko, da farko yana ɗan majalisa bayan zaɓen 1959, sa'an nan yana Kwamishinan Tarayya a zamanin Janar Gowon. Har ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 da 'yar farar rigarsa aka san shi, da Hausarsa, da karatunsa na Alƙur'ani.

Abin lura ga iyaye shi ne, Malam Aminu ya tafi ne da tushe. Ya tashi a gidan malamai, ya yi karatun allo, ya kuma yi shekara huɗu yana koyarwa, ya ga halin da talaka ke ciki. Saboda haka duk abin da ya gani a Landan yana da abin da zai auna shi da shi. Uban da ke tara kuɗin goro ko na shanu a Agege don ya tura ɗansa waje, ya fara kai shi gida tukuna ya ga dangi, ya ga gona, ya ga makarantar ƙauyensu. In ya tafi kuma, a riƙa tambayarsa abin da ya gani a gari, kamar yadda ake tambayarsa sakamakon jarrabawa. Allah ya jiƙan Malam, ya kuma komo da matafiya gida lafiya.