Na'urar Hango Kifi A Tafkin Tiga: Wacce Ta Dace Da Ɗan Kwalekwale?

Duk wanda ke zaune a yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam ya san cewa ruwan da ke shayar da shinkafarmu da alkama da tumatir daga madatsar Tiga yake gangarowa, ya ratsa Ruwan Kanya, har ya iso filayen Kadawa. An gama gina madatsar nan a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma tafkin da ta tara yakan kai faɗin murabba'in kilomita 178 idan ya cika. To, ba noma kaɗai ruwan nan ya kawo mana ba, har da sana'ar su. Akwai 'yan'uwanmu da dama waɗanda in sun gama girbi sai su sayi kwalekwale da kalli da mamari, su nufi Tiga ko Rurum neman karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa.

Yanzu kuwa wata tambaya ta shigo. Samari suna ganin Turawa a wayar hannu, suna cikin jirgi da wani ɗan allo mai nuna kifi a ƙarƙashin ruwa, sai su ce ko su sayar da buhunan shinkafa su sayi irinsa. Tambaya ce mai nauyi, domin kayan nan duka daga ƙasashen waje ake shigowa da su, farashinsu kuma dala yake bi. Wanda ya saya ba bisa sani ba, ya zuba gumin shekara guda a cikin ruwa.

Da fari dai, na'urorin iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ke gaya wa mutum inda yake a bisa ruwa, akwai kuma wadda ke gaya masa abin da ke ƙarƙashinsa. A ganinmu ta farkon ita ce ta fi gaggawa, ita ce kuma ta fi araha, domin yawancin samarinmu tana cikin aljihunsu ba su sani ba.

Wannan ita ce ake kira GPS. Taurarin ɗan'adam ne na ƙasar Amurka suke kewaya duniya suna aiko da saƙo, na'urar da ke hannunka ta karɓa, ta lissafa inda kake. Tun daga watan Mayu na shekarar 2000, lokacin da Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin saƙon, kuskurenta a fili ba ya wuce 'yan mitoci kaɗan. Kusan kowace babbar wayar hannu tana ɗauke da ita, kuma ba ta bukatar kati ko sabis, in dai an sauke taswirar wurin tun daga gida. Amfaninta ga masunci a bayyane yake. Kafin ya tashi, ya yi wa mashigin da yake ɗaure kwalekwale alama. Inda ya shimfiɗa kalli da yamma, ya yi alama. Da asuba, ko da hazon hunturu ya rufe gaɓa har ba a ganin tudu, na'urar za ta kai shi kan komarsa, ta kuma mai da shi gida. Wanda ya taɓa yin sa'a uku yana tuƙi yana neman gorar da ya ɗaura wa kalli, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma waya tana da rauni biyu: ruwa da caji. Sai a sa ta cikin jakar roba mai rufewa, a ɗaura mata igiya a rataya a wuya. Mai hali yana iya sayen 'yar ƙaramar GPS ta hannu, irin su Garmin eTrex, wadda ke aiki da ƙananan batura biyu irin na tocila kuma ba ta jin yayyafi. Ko wacce aka ɗauka, a haɗa da kamfas, domin shi ba ya mutuwa. A kuma tuna cewa GPS hanya miƙaƙƙiya take nunawa, ba ruwanta da dutse ko kututturen da ke tsakaninka da inda za ka.

Sai mu zo ga wadda ake ta ɗoki a kanta, watau na'urar hango kifi. Ba ido gare ta ba, kunne gare ta. Tana da wani ɗan ƙulli da ake nutsarwa cikin ruwa, wanda za mu kira shi kunne. Shi ke harba sauti zuwa ƙasa, sautin ya bugi abu ya dawo, kamar yadda murya ke dawowa in an yi kira cikin rijiya. Da yake sauti yana gudun kusan mita 1,500 cikin daƙiƙa guda a ruwa, na'urar takan auna lokacin da ya ɗauka ta san zurfin. Ba sabon abu ba ne: tun 1948 kamfanin Furuno ya soma sayar wa masuntan ƙasar Japan da irinta.

Ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Sautin yana sauka ne kamar hasken tocila, siriri daga sama, yana buɗewa yayin da yake nisa. A yawancin ƙananan na'urori, faɗin wurin da yake haskawa kusan sulusin zurfin ruwan ne. In zurfin mita 15 ne, kana ganin fili mai faɗin mita 5. In kuwa mita 2 ne, abin da kake gani bai kai faɗin tabarma ba. Saboda haka mai su a hanyoyin ruwa na Kadawa, ko a kududdufi, ko a bakin gaɓa, kada ma ya wahalar da aljihunsa. Gorar tuƙinsa ta fi na'urar gaya masa gaskiya. A tsakiyar Tiga ne, ko a Challawa ta wajen Karaye, abin yake da amfani.

Har a can ɗin ma ba kowane kifi take nunawa ba. Iskar da ke cikin kifi ita ce ta fi dawo da sauti, don haka garken karfasa ko kawara da ke yawo a tsakiyar ruwa yakan fito sarai, kamar ɗan gajimare ko lanƙwasassun layuka. Tarwaɗa kuwa da ke kwance cikin laka, sau da yawa hotonta haɗewa yake da na ƙasa. Na'urar ba ta faɗin sunan kifi. Wasu suna zana 'yan hotunan kifi a allo don faranta ran mai kallo, alhali kuwa ganye ne ko kumfa. Gara a kashe wannan sashe, mutum ya koyi karanta layukan da kansa.

Babban amfaninta a wurinmu shi ne sanin ƙasan tafkin. Kafin a datse kogin, wurin nan gonaki ne da ƙauyuka da itatuwa da duwatsu, kuma ruwa ne ya rufe su. Na'urar takan nuna inda tsohon kwarin kogi ya bi, inda ƙasa ta gangara farat ɗaya, da inda itace ko dutse yake tsaye. Nan ne kifi ke taruwa, nan ne kuma kalli ke maƙalewa ya yage. In na'ura ta tsirar da kalli biyu ko uku a shekara, ta soma biyan kuɗinta ke nan. Sai dai a lura: ruwan Tiga ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan cika a ƙarshen damina, sa'an nan ya yi ta ja da baya yayin da ake sako mana shi don noman rani. Kututturen da ke can ƙasa a watan Oktoba yana iya fasa kwalekwale a watan Mayu.

To, in an ƙudurta saye, me za a duba? A nemi ƙarama mai allon inci huɗu ko biyar, wadda ake iya karantawa cikin tsakar rana, mai GPS a cikinta. Kamfanonin Garmin da Lowrance da Humminbird duk suna yin irinta, wasu ma suna zana taswirar zurfi da kansu yayin da kake tuƙi. Wannan ya fi sayen katin taswira mai tsada, wanda don teku da tafkunan Turai da Amurka aka yi shi. A duba alamar IPX7, ma'anarta na'urar za ta jure nutsewar mita guda har minti 30. Masu hango gefe da gefe da masu manyan alluna, na jiragen inji ne, a bar wa masu su.

Wuta kuwa, irin waɗannan ƙanana da batir mai bolt 12 suke aiki, kuma ba su da ci. Ɗan batir rufaffe irin wanda ake sa wa fitilar caji yakan kai mutum wuni guda, ɗan faifan sola kuma ya cika shi. A sa shi cikin akwatin roba, nesa da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Shi kuma kunnen, kada a manna shi daga ciki, domin sautin ba ya ratsa katako yadda ya kamata. A ɗaura shi a bakin sanda, a maƙala a gefen kwalekwale, ya nutse kamar taƙi guda yana duban ƙasa sosai, yadda za a iya ɗaga shi in an zo gaɓa.

Ba lalle ne kowa ya mallaki tasa ba. Ƙasan tafki ba ya tashi ya koma wani wuri. Masunta biyar ko shida suna iya yin karo-karo su sayi guda ɗaya, su riƙa karɓa-karɓa, kowa ya adana alamomin a wayarsa. Yana da kyau kuma a sanar da Sarkin Ruwa da dattawan mashigi, gudun kada a ce wani ya zo da abin da zai kwashe rabon jama'a. Su ma dattawan nan sun san wurare da yawa tun kafin a haifi na'urar, sai dai a haɗa saninsu da nata.

Wani abu kuma da ya kamata ya riga duk waɗannan shiga kwalekwale shi ne rigar kariya daga nutsewa, da fitila mai ƙarfi. Ba mu manta da kifewar jirgin Bagwai a madatsar Watari ba, a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, inda fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara. Babu allon da zai hana jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima kifewa, ko ya tsai da guguwar farkon damina.

Wanda zai sayi ta hannu, ya tabbata an haɗa masa da kunnen da wayoyinsa, domin sau da yawa neman kunne shi kaɗai ya fi neman na'urar wuya. Kafin ya biya, ya kai ta ruwa, ya ɗaura dutse a igiyar da ya auna, ya saka har ƙasa, ya gwada da lambar da allon ya nuna. In sun yi daidai a wuri uku masu zurfi dabam-dabam, sai a yi ciniki.