Mun iya rabon gado, mun kasa shirin jinya

A watan jiya na raka wata dattijuwa kotun shari'ar Musulunci, matar maƙwabcinmu da ya rasu bara. Shekara uku da rabi ta yi tana jinyarsa, tun ranar da hawan jini ya kayar da shi a bakin shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ita ce mai juya shi cikin dare don kada kwanciya ta ci masa baya, ita ce mai wanke zannuwa kafin kiran assalatu, ita ce mai dama kunu ta ba shi cokali-cokali. Magana ɗaya ta kai gaban alƙali: tun yana da ƙoshin lafiya ya ce sashen da take ciki ya ba ta halak malak. Aka nemi shaidu. Ɗaya ya riga mai gidan komawa ga Allah, ɗayan ya ce ya ji zancen amma bai riƙe ko kyauta aka ce ko zama ba. Takarda kuwa babu. Da muka fito ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ban san ana rubuta irin wannan tsakanin miji da mata ba."

Alƙalin bai zalunce ta ba. Abin da ya kayar da ita ya faru tun shekaru goma baya, ranar da aka yi maganar a tsakar gida aka bar ta a iska. Kuma duk wanda ya saba zama a harabar kotunanmu ya san irin shari'arta ta zama ruwan dare. Mu mutane ne da muka ƙware a lissafin gado, da tumuninsa da sudusinsa, amma shekarun da ke tsakanin faɗuwar dattijo da rasuwarsa ba mu tanadar musu komai ba. A ganina wannan shirun ne ya fi talauci ɓarna, ko da yake talaucin ma ba ƙaramin abu ba ne.

Tsarin da muka gada an gina shi ne a kan babban gida da gandu. 'Ya'ya maza suna kewaye da uba, matansu suna karɓa-karɓar girki, tsoho ba ya rasa mai miƙo masa buta. Yau babban ɗa yana Abuja, na biyu yana Legas, 'yar da ta fi tausayi tana aure a wani gari. Ciwon ma ya sauya. Hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda ba sa ɗauke mutum cikin mako guda, sai su kwantar da shi shekaru, ga kuɗin gashi, ga robar fitsari, ga famfas na manya, ga magani kowane wata. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Daga cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, kuma magungunan da ake shigowa da su daga waje suna cikin abubuwan da suka fi tashi. Fansho kuma rabon 'yan tsiraru ne. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su da ofishin da zai sallame su. Waɗanda suke da shi ma sun sha jira: gwamnatin Kano ta bayyana cewa a 2023 ta gaji bashin haƙƙoƙin 'yan fansho na sama da naira biliyan 48.

Duk wannan sananne ne. Abin da ba a so a taɓa shi ne yadda dukiyar dattijon, komai ƙanƙantarta, take narkewa a lokacin jinya saboda ba a san wa ke da ikon yin me ba.

Ga yadda abin yake tafiya a yawancin gidaje. Ranar da Baba ya kwanta, sai a miƙa katin cirar kuɗinsa da lambar sirri ga ɗan da ya fi kusa. Ba a rubuta nawa ke ciki ba, ba a ce ya riƙa ajiye rasit ba. Wata shida sai kuɗi ya ƙare, a ce a sayar da fili. Wa ya ba da izini? Baba ya gyaɗa kai, in ji Yaya. Bayan shekara biyu ƙannen da ke nesa su fara tambaya, Yaya ya ce duk a jinya suka tafi, wataƙila ma gaskiya ya faɗa, amma ba shi da abin nunawa. Zargi ya shiga, zumunci ya fara tsagewa tun mahaifin yana numfashi a ɗaki. Na ga ɗan kirki ya zubar da hawaye saboda an kira shi ɓarawon ubansa, alhali littafin makaranta na naira ɗari biyu da zai riƙa rubuta shige da fice ya isa ya wanke shi.

Lamarin ya fi muni idan gigin tsufa ya shigo. Mu kan ce "ya rikice" mu yi dariya ko mu kulle shi a ɗaki, ba ma kallonsa a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa da ke da hukunci a shari'a. Wanda hankalinsa ya gushe, cinikinsa da kyautarsa ba sa tabbata, ko da an dangwala yatsansa a takarda. A ƙa'idar dokar da muka gada daga Ingila ma, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa idan mai bayarwa ya rasa hankalinsa, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Su can sun toshe wannan kafa da dokar da suka yi a 1985, wadda ta ba mutum damar naɗa wakili mai ɗorewa tun yana cikin hayyacinsa. A wajenmu hanyar da fiƙihu ya shimfiɗa ita ce a je gaban alƙali ya naɗa mai kula da dukiyar, da iyaka da hisabi. Iyali nawa ne suke zuwa? Gani ake tonon asiri ne.

Kyauta ma haka. Ɗaliban Risala sun san cewa a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa. In mai kyautar ya mutu kafin haka, abin ya koma gado. In kuwa a ciwon ajali ya yi ta, hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, kuma ba ta zuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda. Akwai ma wani wuri mai santsi da ya shafi dattijuwar da na raka. Miji ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki, ya ci gaba da zama har ya rasu, malaman mazhabar suna ganin hauzi bai samu ba. Ke nan ko shaidunta biyu sun tsaya da ƙafafunsu, da sauran rina a kaba. Da marigayin ya zauna da masanin fiƙihu na rabin sa'a, da an nuna masa ya ba ta wani fili ko shago ta karɓa tana cin hayarsa tun yana raye. Yanzu abin da take da shi rabonta ne a cikin tumunin da za su raba da abokiyar zamanta, takaba ta ƙare, gida kuma za a sa shi a kasuwa don kowa ya ɗauki nasa.

Ko wasiyyar da aka rubuta wajen lauya tana buƙatar wanda ya san doka da fiƙihu duka biyu. A shari'ar Adesubokan da Yunusa a 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da ya rubuta ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin da suka mayar da wasiyyar Musulmi ƙarƙashin shari'arsa. Sannan mutane da yawa suna zaton sunan da suka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci shi ne mai kuɗin bayan ransu. Sunan wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki zai nemi takardar kotu, asusun da ya shekara goma ba a taɓa ba kuwa Babban Banki ake mayar da kuɗinsa ajiya.

To ina dattijo zai samu wannan shawara? Hukumar ba da agajin lauya kyauta tana nan tun 1976, dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta, amma lauyoyinta kaɗan ne kuma yawancin ƙarfinsu yana tafiya ne a kan tsararrun da ke jiran shari'a a gidajen yari. Tsangayoyin shari'a na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero suna da ɗakunan taimakon jama'a, sai dai tsohon da ke Rijiyar Lemo ko Tudun Wada bai taɓa jin labarinsu ba. Hisbah da zaurukan sulhu suna ƙoƙari, amma bayan rigima ta ɓarke ake kai musu. Dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa an sa mata hannu a Janairun 2018, ba a naɗa mata shugabanni ba sai 2021. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a biya wa, sai dai je ka layin karɓar magani ka tambayi nawa ne a cikinsu ke da kati.

Na san abin da wasu za su ce. Wanda ba shi da na tuwon dare, me zai rubuta? Kuma shigo da takarda tsakanin uba da 'ya'ya alamar rashin yarda ce, al'adar Turawa ce da ta kai su ga zuba iyayensu a gidajen gajiyayyu. Maganar talauci tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma ba na fatan ranar da gidan gajiyayyu na Shahuci da ke Kano zai zama makomar iyayenmu. Amma talaka ne ya fi buƙatar takarda, domin ɗaki biyu da gona ɗaya su ne duk abin da ya tara, in suka salwanta ba shi da na biyu. Batun al'adar Turawa kuma ba ya tsayawa: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa da 'ya masu hali, alƙali yana iya tilastawa. Kunya ce ta hana mu amfani da abin da yake namu, da kuma camfin cewa wanda ya yi zancen wasiyya yana kiran ajali.

Waɗanda ke biyan kuɗin wannan kunyar mata ne. Matar da ta tsufa tana jinya, da 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida aka ɗora mata komai, da matar ɗa da ta bar sana'arta. Babu wanda ya yi musu alkawarin lada a rubuce, ranar rabo kuma wanda ya shekara bai leƙo ba zai zo da lissafinsa a aljihu. Idan aka zauna tun farko aka ce wane zai kawo kaza duk wata, wance za ta zauna da Baba kuma ga abin da za a riƙa ba ta, wane ne wakili a kan banki kuma zai nuna lissafi duk bayan wata uku, rabin shari'un nan ba za su isa kotu ba.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a kan wakilci da hauzi da haƙƙin mai jinya, kamar yadda suke yi wa gado. Ina roƙon rassan ƙungiyar lauyoyi da ɗaliban shari'a su riƙa kafa tebur a ƙofar hakimi ko masallacin Juma'a ko da sau ɗaya a wata, lauya da malamin fiƙihu a zaune wuri guda. Kai kuma mai karatu, in Allah ya bar maka mahaifi ko mahaifiya da hankalinsu, kada ka jira ranar asibiti. Tara 'yan'uwanka a Sallah mai zuwa, a kira shaidu biyu, a tambaye su abin da suke so, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi.